Da'ira, kewaye da igiyar magini: amsoshin wannan mako

Wani malamin firamare daga Gumel ya rubuto: "Malam, ina koyar da lissafin da'ira da Hausa, amma na rasa sunan layin da ke tashi daga tsakiya zuwa gefe. Abokan aikina suna cewa radiyos."

To, malam, kada ka bi su. Yaron da ya ji radiyos, akwatin sauraron labarai zai faɗo masa a rai. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke rugawa aro alhali abin yana cikin gidanmu. Je ka ƙauye ka tsaya kan mai gina zagayayyen ɗaki ko rumbu. Zai kafa turke, ya ɗaura igiya, ya ja ta ta miƙe, ya zagaya yana shata ƙasa da tsinke. Turken nan shi ne cibiya, igiyar kuwa ita ce abin da kake nema. Ka ce wa yara igiyar da'ira, ko rabin faɗi in kana son ya yi kama da na littafi. Larabawa ma, waɗanda muka ari kalmar da'ira daga wurinsu, nisful ƙuɗuri suke cewa, wato rabin faɗin ke nan, ba wani abu ba.

Igiya biyu ita ce faɗi, amma da sharaɗin layin ya ratsa ta cibiya. Mutane na sakaci da wannan, su gitta sanda ko ta ina a bakin rijiya su ce sun auna faɗinta. Ba su auna ba. In igiyar magini kamu 7 ce, faɗin ɗakin kamu 14 ne. Ka ninka 14 sau 22, ka raba gida 7, ka sami kamu 44, tsawon katangar ke nan in ka bi ta ka dawo inda ka fara. Wannan 22 bisa 7, adadin da ake ninka faɗi da shi a sami tsawon gefen da'ira, kusantowa ce kawai, kamar 3.14, amma ta ishi mai kwaɓa ƙasa.

Wata ɗaliba daga Maraɗi: "Kewaye ne daidai ko zagaye?"

Duka Hausa ne, wasu ma gewaye suke cewa. Ni kewaye nake zaɓa wa tsawon gefen da'ira. In 'yan aji sun yi dariya don sun tuna makewayi, a bar su, za su gaji.

Wani daga Kumasi: "Yankin gefen da'ira fa, wanda bai kai kewaye ba?"

Baka. Dubi bakan maharbi, dubi bakan gizo bayan ruwan sama. Maginanmu ma bakan gizo suke kiran lanƙwasar da ke ɗauke da rufin soro, irin wadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga a tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Lissafin baka rabo ne: da'ira digiri 360 ce, don haka bakan da ya buɗe digiri 90 rubu'in kewaye ne. A ɗakinmu na ɗazu, kamu 11.

Wata uwargida daga Zinder: "Me ya sa ake cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya?"

Ba ki taɓa kallon gaɗa a dandali ba, Hajiya? Cikin da'ira babu wadda ta mallaki gaba, da an juya ta farko ta zama ta ƙarshe.

Wani direba ya tambayi ko "hanyar lafiya a bi ta da shekara" na nufin kewayawa ta fi ratse.

In ratsen na da haɗari, i. Amma ka san farashinsa: inda mai ratsawa zai yi kamu 14, mai bin gefe 22 zai yi.