Tambaya da Amsa: Wai Turawa ma suna da 'yan kama?

TAMBAYA: Salam Malam, musu muke a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, ni nace Bature baya waƙar abinci irin ta 'yan kama, abokina yace ƙarya ne. A raba mana gardama. Daga mai shayi, Katsina.

AMSA: To ɗan'uwa ka sha ƙasa, sai ka haɗa wa abokinka shayi mai kauri kyauta. Akwai wani Harry Champion, sunansa na yanka William Henry Crump, an haife shi 1865 a gabashin Landan unguwar talakawa, ya rasu 1942. A gidajen wasa na lokacin yake tashe, inda leburori ke taruwa da dare ana waƙa ana barkwanci suna amshi, kuma shi wajen saurin baki ba'a magana, kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

Waƙarsa ta 1909, Boiled Beef and Carrots, ba komai bace illa yabon dafaffen naman sa da karas, kaga ai ɗan kama ne sak, tuwo da miyar kuka kawai ya rasa. Amma ni wadda tafi kashe ni da dariya ita ce I'm Henery the Eighth, I Am, wai ya auri bazawarar maƙwabta wadda tayi aure bakwai kuma duk mazan sunansu Henry, shi ne na takwas, shikenan ya zama takwaran wani sarkin Ingila na da, Henry na takwas, ba ko rawani. Wasu gungun mawaƙan Ingila, Herman's Hermits, sun maimaita ta a 1965 har tazo ta ɗaya a Amurka.