Wace fanka ce za ta sanyaya kwamfuta ba tare da ta cika kunne ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim. Da bazara ta kama, kwamfutar tebur ɗina sai ta riƙa ƙara kamar injin niƙa, wani lokaci ma ta mutu da kanta. Wace irin fanka zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka fitar da ko sisi, buɗe akwatin ka duba ƙura. Ƙurar hunturu ce ke toshe siraran ƙarafan da ke kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, to da zafin Afrilu ya haura digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano, dole fanka ta yi gudu iya ƙarfinta. Cire wayar wuta, ka hure ciki da bulawa, kana danne fukafukan da yatsa, domin in iska ta juya su fiye da kima boris ɗin yana lalacewa. Idan man da ke tsakanin firosesa da ƙarfensa ya bushe, goge shi ka sa ɗigo ɗaya na sabo a tsakiya.

In har ƙarar ta ci gaba, shawarata ita ce ka sayi mafi girman fankar da akwatinka zai ɗauka, ka bar ta tana juyawa a hankali. Yawancin ƙara daga saurin juyi take zuwa. Mai milimita 80 sai ta yi ta tsala gudu kafin ta tura iskar da mai 120 ke turawa cikin natsuwa. Auna tazarar ramukan noti kafin ka shiga mota zuwa Kano: milimita 71.5 na fanka mai 80 ne, 105 na mai 120, 124.5 kuma na mai 140.

A jikin kwali za ka ga lambobi. CFM yawan iskar da take turawa ne a minti, dBA nauyin ƙararta, mmH2O kuma ƙarfin da take kutsa iska da shi ta cikin abin da ya tare ta. Wannan na ukun mutane suka fi raina wa, alhali a yankinmu shi ne kan gaba, tunda kwamfuta a nan ba ta zama lafiya sai da ragar tace ƙura. Fanka mai CFM da yawa amma marar ƙarfin kutsawa, tana haɗuwa da raga iskarta za ta ragu ƙwarai. Nemi wadda mmH2O ɗinta ya kai 2 ko kusa. Arctic P12 PWM, alal misali, tana juyi har 1,800 a minti, tana ba da kusan CFM 56 da mmH2O 2.2. Ƙara kuwa, abin da ke ƙasa da dBA 25 ba zai dame ka ba a shago, kuma ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar ninki biyu.

Tambayi mai kaya irin boris ɗinta. Mai araha da ke juyi a cikin ɗan bututun ƙarfe da ɗan mai, zafi yana busar da man da wuri, sai ta fara gurnani. Wadda aka rubuta wa FDB, wato wani nau'in boris mai inganci, ta fi shiru da daɗewa. Ka kuma zaɓi wadda filoginta ke da fil 4 a kan mai fil 3, domin mai fil 4 ce kwamfuta ta fi iya sarrafa gudunta daidai da zafi. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka saita gudunta kan kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari har firosesa ya kai digiri 55, daga nan ta riƙa hawa, ta cika gudu a wajen digiri 80.

Wajen ɗaurawa, iska tana fita ne ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe motar fankar. Sa biyu a gaba bayan raga suna shigar da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan mai shiga ta rinjayi mai fita, ƙura ba ta samun kutsawa ta ƙananan kafofi. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ka ba shi taƙi ɗaya daga bango, ka riƙa kakkaɓe ragar duk mako biyu lokacin hunturu.

Tambaya: Malam, da sola nake aiki, kwamfutar kuma Dell ce ta hannu. Ƙarin fanka ba zai shanye min batir ba?

Amsa: Ba zai shanye ba. Fanka mai milimita 120 tana aiki da bolt 12, abin da take ci bai cika wuce wat 1 zuwa 3 ba. Abin lura shi ne soket: wasu kwamfutocin ofis na Dell suna zuwa da nasu mai fil 5, wanda fankar kasuwa ba ta shiga sai da wayar haɗi. Cire tsohuwar ka tafi da ita a gwada a gabanka.