Amsa: Yaushe ake samun tsuntsaye a bakin kogin Densu?

Ɗan'uwa, ka ce ka je Bortianor, kusa da Accra a Ghana, inda Densu ke shiga teku, ka dawo ba hoton kirki, kana tambayar lokacin da ya dace. Ka je da sassafe, ranar da janyewar ruwan teku ta zo daidai da safiya. Da zarar laka ta fito, ƙaguwa na yawo a kai, zalɓe da balbela za su sauko kiwo.

Sai dai lokacin janyewar yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, don haka duba jadawalin cika da janyewar teku na tashar jiragen ruwa ta Tema a waya kafin ka hau trotro, wato motar haya. Tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai kuwa, daga Satumba zuwa Maris sun fi yawa. Na lura in mai kwalekwale ya daina tuƙi tun daga nesa, ba sa saurin tashi.