Pele ne ya fi kowa cin Kofin Duniya, ko akwai wanda ya ci huɗu?

Tambaya: Malam, gardama ce ta ɓarke a majalisarmu bayan mun taso daga gidan kallo. Ni na ce duk duniya ba wanda ya kai Pele cin Kofin Duniya, don ya ɗaga sau uku. Wani dattijo a cikinmu ya ce a Burazil ɗin ma akwai wanda ya ci huɗu, ya yi wasa kuma ya yi koci. Don Allah wane ne, kuma me ya taɓuka?

Amsa: Ɗan'uwa, kai da dattijon kowa na da gaskiyarsa. In ana maganar wanda ya ci da ƙafarsa ne, Pele kaɗai ke da uku: 1958, 1962 da 1970. In kuma za a haɗa da zaman benci, to dattijo ya fi ka. Mário Zagallo yake nufi. Ya ci biyu yana ɗan wasa a 1958 da 1962, ya ci a 1970 yana koci, sannan a 1994 yana dafa wa koci Carlos Alberto Parreira.

An haife shi a 1931 a jihar Alagoas, amma a Rio de Janeiro ya tashi. Ranar da Uruguay ta doke Burazil a filin Maracanã na Rio ta ɗauke Kofin Duniya na 1950, yana cikin filin a matsayin matashin soja mai aikin tsaro, ya ga baƙin cikin da idonsa. Ya yi suna a Flamengo, inda suka ci gasar jihar Rio shekara uku a jere daga 1953 zuwa 1955, daga baya ya koma Botafogo wajen su Garrincha, Didi da Nilton Santos.

Ɗan wasan gefen hagu ne, lambar da muke cewa sha ɗaya. Ba shi da yankan Garrincha, ba shi da ƙarfin bugun Pepe na Santos wanda suke neman gurbi ɗaya da shi. Abin da yake da shi huhu ne da kaifin hankali. A lokacin Burazil na fita da 'yan gaba huɗu, 'yan tsakiya biyu kacal. Da ƙwallo ta kuɓuce musu, sai Zagallo ya baro gefe ya gangaro tsakiya ya zama na uku, ya toshe gurbin da Nilton Santos ke bari in ya haura gaba. Da sun ƙwato, sai ka sake ganinsa can a bakin layi. Haka yake kai da komo har a tashi, shi ya sa 'yan ƙasarsa suka laƙaba masa suna Formiguinha, wato 'yar tururuwa. Wannan gangarowar tasa ce ta rikiɗa tsarin 4-2-4 ya koma 4-3-3 da yara ke zanawa yau a takarda kamar da shi aka zo duniya. Kuma ba gudu kawai yake yi ba: shi ya ci ƙwallo ta huɗu a wasan ƙarshe na 1958 da suka lallasa Suwidin 5-2, shi kuma ya ɗago ƙwallon da Pele ya sa wa kai ta zama ta biyar. A 1962 a Chile, shi ya buɗe wa Burazil raga a wasan farko da Meziko. Wasa 33 ya buga wa ƙasarsa, ya ci ƙwallo 5, ya rataye takalmi a 1965.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne 1970, don nan ake yawan tauye masa haƙƙi. Za ka ji ana cewa wannan tawaga ko wa aka ba zai ci kofi da ita. Ni ban yarda ba. An ba shi aikin ne a watan Maris, bayan an sallami João Saldanha, saura wata biyu da 'yan kwanaki a fara gasa a Meziko, yana da shekara 38. Ya tarar da Pele, Tostão, Gérson, Rivellino da Jairzinho, mutum biyar da kowannensu shi ne mai juya akalar wasa a kulob ɗinsa. Sarakuna biyar a gari ɗaya ai sai rigima. Wani kocin da ya ajiye biyu a benci ya huta. Zagallo sai ya tura Rivellino hagu ya riƙa yin irin aikin da shi ya yi a da, Jairzinho ya riƙe dama, Tostão ya tsaya gaba yana janye masu tsaron baya don Pele ya samu fili, Gérson na baya-baya yana rarraba ƙwallo. Ya ɗauko Piazza daga tsakiya ya mai da shi mai tsaron baya, wanda hakan ya buɗe wa matashi Clodoaldo hanya. Wasa shida suka buga, suka cinye duka, da ƙwallo 19, Jairzinho na ci a kowane wasa. Suka doke Italiya 4-1 a filin Azteca, kofin Jules Rimet, wato Kofin Duniya na wancan lokaci, ya zama nasu na dindindin. A ranar Zagallo ya zama mutum na farko da ya ci Kofin Duniya yana ɗan wasa kuma yana koci.

Ba kullum ake kwana a gado ba. A 1974 Holan ta su Cruyff ta fitar da shi da ci 2-0, ya ƙare na huɗu. Daga nan ya yi aiki a ƙasashen Larabawa: Kuwaiti, Al-Hilal ta Saudiyya, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa wadda ya samo wa gurbin Kofin Duniya na 1990.

Mu 'yan Najeriya kuwa mun san shi, ko da ba mu riƙe sunan ba. Shi ne dattijon mai farin gashi da tabarau da ke bencin Burazil a wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik a 1996 a Amurka. Na kalli wasan nan cikin dare, kuma da Burazil ta yi wa Najeriya 3-1 da yawa a ɗakin sun fara neman takalmansu. Ga Ronaldo, ga Bebeto, ga Roberto Carlos. Sai Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na 90, ya kuma ƙara ta zinare, wato ƙwallon da ke ƙare wasa nan take a ƙarin lokaci, aka tashi 4-3. Tawagar da ta ƙunshi su Tijjani Babangida da Garba Lawal ta wuce ta ci zinare, Zagallo ya koma gida da tagulla da surutun 'yan jarida a kansa. Shekara ɗaya bayan nan ya ci Copa America a Bolibiya, ya fuskanci kyamara fuska a murtuke ya gaya wa masu sukarsa cewa dole su haɗiye shi. Har yau 'yan Burazil na maimaita wannan magana.

Abin da zan ɗora masa laifi a kai shi ne wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1998 da Faransa. Ronaldo ya yi jijjiga a otal 'yan sa'o'i kafin wasa, aka fitar da takardar 'yan wasa da sunan Edmundo, daga baya Ronaldo ya dawo daga asibiti ya ce zai iya, Zagallo ya mai da shi. Likitoci ba su hana ba, kuma na san hana Ronaldo wasa a wannan rana sai mai ƙarfin hali, amma a ganina aikin babba ke nan, ya kare yaro daga kansa. Faransa ta ci 3-0, Zidane ya sa biyu da ka. Da ya ci wannan, da biyar dattijonku zai ce.

Ya rasu ranar 5 ga Janairu 2024 yana da shekara 92, gwamnatin Burazil ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Kwana biyu tsakani Franz Beckenbauer na Jamus, mutum na biyu da ya ci kofin yana ɗan wasa da koci, shi ma ya bi shi. Na ukunsu shi ne Didier Deschamps, wanda ya riƙe kambun kyaftin na Faransa a daren nan na 1998.