Linux a situdiyo: amsa ga mai tsohuwar laftof

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce laftof ɗinka ba ta ɗaukar Windows 11, ga shi Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shin ka ɗora Linux, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta a madadin Windows, ka ci gaba da aikin waƙa da bidiyo ko kuwa. Ni dai shekara ta huɗu ke nan ina kan Ubuntu Studio, wani nau'in Linux na masu aikin sauti da bidiyo, a ɗan ɗakin rikodin ɗina, bari in gaya maka abin da na gani.

Kafin komai buɗe aikinka na ƙarshe ka ƙirga fulogin ɗin da ke ciki, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti da ake ƙarawa cikin babbar manhajar, amsarka tana nan wurin. Linux ɗin kansa ba shi da matsala da sauti, wallahi har ya fi sauƙi a kan tsohuwar na'ura tunda babu tarkacen da ke gudu a bayan fage suna cinye ram. Da can ne ake shan wahala, sai ka tayar da JACK, manhajar da ke kula da sautin situdiyo, da hannu, kana tayarwa burauza ta yi shiru, ka koma neman yadda za ka sasanta shi da PulseAudio mai kula da sautin yau da kullum, rigima sai ka ce kishiyoyi. Yanzu sabon tsarin sauti mai suna PipeWire ya haɗe su wuri ɗaya, masu nau'in Linux na Fedora suka fara sa shi a 2021 sauran suka biyo baya. Ni ina ɗaukar murya a kan bafa 128, wato guntun sautin da na'ura ke sarrafawa a lokaci ɗaya, samfurin sauti 48,000 a sakan, kowane bafa bai kai milisakan 3 ba, mawaƙi ba ya jin muryarsa tana makara a hedifon. Sawun-kad kuma in dai irin na USB ne da ba ya neman direba ta musamman, kamar Scarlett na Focusrite ko ƙananan Behringer, kana jonawa za ta gane shi. Fiyanona Yamaha ma haka, MIDI ya shiga ba gardama.

Inda gizo ke saƙa shi ne manhajar da hannunka ya saba da ita. A manhajojin haɗa waƙa, FL Studio ba shi da na Linux, Cubase babu, Pro Tools babu, Ableton babu. Ana tayar da FL ta hanyar Wine, mai tayar da manhajojin Windows a Linux, kuma yana tashi, fulogin ɗin Windows ma akwai yabridge da ke shigo da su, amma fa kamar gidan haya ne, ba ka san ranar da za a ce ka tashi ba. Ni ya taɓa faruwa da ni, na yi afdet da daddare, washegari mawaƙi ya zo da 'yan amshi biyu tun daga nesa, wani fulogin na gyaran murya ya ƙi buɗewa ƙememe, haka muka ɓata awa biyu ina ta ba su haƙuri. Tun ranar na daina afdet a tsakiyar aiki.

Kuma ka san waƙarmu ta Hausa yanzu rabinta ototun ne, wato gyaran murya da na'ura. Akwai x42 Autotune kyauta, akwai Graillon mai na Linux, suna gyara murya lafiya lau, amma wannan kaifin da kunnen mutane ya saba da shi sai ka sha murɗe-murɗe kafin ka kusance shi, wani mawaƙin ma yana leƙa allon ya ga ba launin da ya sani ba ne zai ce muryarsa ta canza. Sai maganar musayar aiki, abokinka ya turo ma fayil ɗin FL ka yi masa miksin, kai kuma kana Ardour, manhajar rikodin da ke gudu a Linux, dole ka ce ya fitar maka da kowane layi daban a WAV, wasu ƙiwa ba za ta bar su ba.

In kuma aikinka ɗaukar murya ne, karatu, wa'azi, shirin rediyo, talla, to kar ka yi wata-wata. Ardour ya isa, Audacity yana nan, Reaper yana da na Linux na asali kuma lasisinsa dala 60 ne ga ƙaramin mai sana'a, Bitwig ma haka yake gudu. Kiɗa akwai Surge XT da Vital, ba sai ka je neman kirak, wato manhajar sata, mai ɗauke da bairos ba.

Bidiyo: Kdenlive da OBS sun wadatar da ni. DaVinci Resolve yana gudu amma na kyautan a Linux ba ya karanta H.264 da sautin AAC, wato bidiyon waya sai ka juya shi da manhajar ffmpeg tukuna, kuma tsohuwar laftof ba za ta iya da shi ba ma.

Don haka kar ka goge Windows ɗinka yau. Sa Ubuntu Studio a filashi ka tayar da na'urar daga can, jona makirfo da sawun-kad ka ɗauki baiti ɗaya ka saurara. Turo min sunan sawun-kad ɗin da yawan ram ɗinka in duba maka.