Corollar da aka ce 2007 ce ta fito 2004: amsa ga ɗan'uwan da giyarsa ta kwanta

Wani ɗan'uwa ma'aikaci daga Kano ya turo min wannan, na rage tsawonsa kaɗan: "Salam Barista, don Allah ina neman shawara. Na sayi Corolla a hannun wani dila wajen sati biyar da suka wuce kan miliyan shida da rabi, ya ce min 2007 ce Beljiyom, ba a taɓa hawanta a Najeriya ba, mita tana nuna dubu 96. Sati biyu da saye giya ta fara fizga tana ƙin shiga ta uku, na kai wa bakanike ya ce giyabos ɗin ya gaji, kuma ya duba lamba ya ce motar 2004 ce. Na koma wajen dilan ya ce ai na zo da bakanikena mun gwada kafin na biya, kuma a rasit an rubuta ba a dawo da kaya bayan an saya. Abokaina sun ce in kai shi wajen 'yan sanda. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Maganar giyar nan da ta fi ƙona maka rai ita ce mafi rauni a cikin ƙorafinka, maganar shekara kuma da ka ambata a tsakiyar zance kamar ba komai ba, ita ce za ta iya dawo maka da kuɗi.

Dalili kuwa, motar da ta kai shekara ashirin a duniya kotu ba ta kallonta da idon sabuwa. Dokar cinikin kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila, wadda jihohi da yawa har yau ko dai ita suke bi ko sun kwafe ta da 'yan gyare-gyare, ta ce a sashe na 14 in ka sayi kaya a wajen wanda sana'arsa ke nan to kayan su zama masu ingancin da za a iya sayarwa, amma nan take ta ƙara da cewa in mai saye ya duba kayan, duk aibin da dubawar ya kamata ta gano ba zai dawo ya yi kuka da shi ba. Ka ga inda dilan ya tsaya ke nan da ya ce ka zo da bakanikenka. Akwai tsohuwar shari'a ta Ingila a 1965, Bartlett da Sidney Marcus, mutum ya sayi Jaguar ta hannu an gaya masa kulocinta na da 'yar matsala, da aka buɗe gyaran ya fi yadda aka zata tsada, kotu ta ce wanda ya sayi tsohuwar mota ya san ko ba daɗe ko ba jima wani abu zai taso. Hukuncin Ingila na wannan lokacin ba dole ba ne a kan alƙalinmu amma lauyoyi na kawo shi kuma ana saurara. Don haka giya kaɗai, sai in za ka iya nuna cewa dilan ya san ta lalace ya yi mata dabara ta 'yan kwanaki, irin a zuba mai mai kauri ko a goge kurakuran da ke kan kwamfutar motar daf da zuwan mai saye. Yana faruwa, tabbatar da shi ne aiki.

To amma shekara wani abu ne daban. Sashe na 13 na wannan dokar ya ce in an sayar da kaya bisa siffantawa dole kayan su dace da siffar, kuma wannan bai damu da ko dila ne ko maƙwabcinka ne ya sayar maka ba. Nan ma akwai shari'a, Beale da Taylor a 1967, an tallata mota a matsayin ƙirar 1961 ashe gida biyu aka haɗa da walda, bayanta na 1961 gabanta na wadda ta girme ta, mai sayen ya je ya gani da idonsa kafin ya biya, duk da haka kotu ta ba shi diyya saboda ya dogara da abin da aka rubuta. Kai ma kuɗin 2007 ka biya.

Kuma tabbatar da shekarar ba sai an yi rantsuwa ba. Je ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, akwai lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ka ƙirga zuwa na goma, a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka in ka ga 4 to 2004 ce, in 7 ne 2007. Ka haɗa da ta jikin sitika da ke ƙofar direba da ta takardun kwastan, su uku dole su zama ɗaya, harafi ɗaya ya saɓa akwai magana. Yawancin Corollar wannan zubi ta 2003 zuwa 2008 da ke shigo mana, lambarta na farawa da 1NX in a Kalifoniya aka haɗa ta, ko 2T1 in a Kanada ne, ko JTD in daga Japan. Abin da ke ruɗar mutane shi ne daga 2005 an ɗan sauya mata fuska da fitilun baya, to sai a sayo bamba da fitilu a ɗaura wa 2003 ko 2004, a yi fenti, ta tashi a matsayin 2007. Masu yi ba sa ma ɗaukarsa laifi, sun ce gyara ne. Gyara ne in an faɗa wa mai saye.

Mitar ma ni ban yarda da ita ba. Na farko dubu 96 ɗin in motar Amurka ce mil ne ba kilomita ba, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne, ka ga an haura dubu 150 ke nan. Na biyu motar da ta shekara ashirin tana yawo a ce iyakar tafiyarta ke nan, zai yiwu, amma sai na ga shaida. Da wannan lambar shasin za ka sayi rahoton tarihin motar a intanet irin na Carfax, kuɗi kaɗan ne in ka kwatanta da miliyan shida da rabi, zai nuna maka abin da mita ta karanta a lokutan da aka kai ta sabis a can, da ko inshora ta taɓa yafe ta saboda haɗari ko ambaliya aka yi gwanjonta. In rahoton ya nuna mil dubu 210 shekaru biyar da suka wuce yau kuma tana nuna 96, ka samu takarda ta biyu mai ƙarfi. Wani abin dariya ma, mitar Corolla ta wannan zubin in ta kai 299,999 tsayawa take cak ba ta ƙara gaba, to duk wanda ya ga wannan lambar ya san iyakar ƙirgen mita ne ba iyakar tafiyar mota ba.

Kar ka ji na ce haka ka ɗauka motar banza ce, a'a. Injinta mai lita 1.8 da ake kira 1ZZ sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, giyarta ta otomatik mai hawa huɗu ce mara rikici, kayan gyaranta ko'ina akwai, duk bakaniken da ke Kano ya san cikinta. Aibinta da aka sani shi ne wasu injinan na farko-farko na shan baƙin mai, sannan a 2010 Toyota ta yi kiranyen na 2005 zuwa 2008, wato ta ce a mayar mata da su a gyara, saboda matsalar kwamfutar inji da ke sa mota mutuwa, kuma zubin gaba ɗaya ya shiga kiranyen jakar iska ta kamfanin Takata. Me ya sa lauya ke wannan lissafin? Saboda darajar motar ita ce ma'aunin diyyarka. Corolla 2004 mai lafiya tana da farashinta a kasuwa, abin da ke tsakanin wannan farashin da abin da ka biya shi ne asararka da kotu za ta iya aunawa, kuma gaskiya a irin wannan shari'ar sau da yawa nan ake ƙarewa, a biya ka bambanci ka riƙe motarka.

Na faɗi haka ne domin dokar 1893 tana da tsauri a kan mayar da kaya. In ka karɓi mota ka riƙe ta lokaci mai ɗan tsawo ba ka sanar da cewa ka fasa ba, sashe na 35 na ɗaukar ka amince, daga nan sai dai diyya. Wadda ta fi sassauci ita ce dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC, ita ta ba mai saye wata uku daga ranar da aka miƙa masa kaya ya mayar da su in ba su cika inganci ba, a gyara ko a canza ko a dawo masa da kuɗinsa, kuma ta hana ɗan kasuwa yaudara wajen siffanta kaya. Sati biyar ka yi, kana ciki, amma kwanaki na tafiya. Rubutun "ba a dawo da kaya" da ke kan rasit ba ya wanke wanda ya faɗi ƙarya a kan abin da yake sayarwa, balle in sai da ka gama biya aka miƙo maka rasit ɗin.

In ku duka Musulmi ne kana da wata ƙofar, kotun shari'ar Musulunci, kuma ni a irin wannan ina yawan nuna wa mutane ita saboda ba ta cin kuɗi da lokaci sosai. A fiƙihu akwai hiyarul aibi, wato zaɓin da mai saye ke da shi na mayar da kaya in ya tarar da tsohon aibi da ke rage daraja wanda ba a nuna masa ba, kuma a Malikiyya mai sayarwa ba ya fakewa da cewa na sayar a yadda take a kan aibin da ya sani ya ɓoye. Hadisin "wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu" kowane ɗan kasuwa ya haddace shi. Sai dai a nan ma akwai tarko, malamai sun ce in ka ga aibi ka ci gaba da amfani da abin to alamar ka yarda ce, da hawan dabba ma suke ba da misali. Ka ga boko da fiƙihu sun haɗu a abu ɗaya, ka ajiye motar nan. Ka daina zuwa ofis da ita, kuma don Allah kar ka bar bakanike ya sauke giyabos ya wargaza, yana taɓawa dilan zai ce ku kuka ɓata.

Batun 'yan sanda da abokanka suka kawo, a yi hattara. Dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta hana kama mutum saboda saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai, kuma na sha ganin wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa ya dawo shi ake ƙara a babbar kotu kan tauye haƙƙi, a ci shi tara. In rahoto ya nuna an juya mita ko an buga takardun bogi, to wannan ya zama zamba, dokar hukunta laifuka ta Final Kod ta yi maganarta a sashe na 320, kana da damar kai koke. Amma ofishin 'yan sanda ba wajen karɓo bashi ba ne, kuma ka riƙe wannan a hannu tukuna.

Abin da ba ka tambaya ba kuma ya fi ba ni tsoro shi ne takardu. Wanda ya ƙara wa mota shekara uku ban san me ya yi wa takardar kwastan ba. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa, kuma kwastan na iya tare mota a hanya su riƙe in ba a biya mata haraji daidai ba, ba ruwansu da cewa kai saye ka yi. Ka ɗauki takardun ka je ofishinsu a tantance maka, ka kuma bincika lambar shasin wajen 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton sata. In ta tabbata dilan ba shi da ikon sayar da ita tun farko, to maganar ta sauya gaba ɗaya, sashe na 12 na dokar 1893 ne ke aiki, kuma a shari'ar Rowland da Divall ta 1923 motar sata ce aka yi wata huɗu ana amfani da ita, da aka karɓe ta kotu ta ce a mayar wa mai saye kuɗinsa cif ba ragi.

Sai ka duba wa ka tura wa kuɗin, sunan wa ke kan rasit. Da yawa masu tsayawa a bakin layin motoci dillalai ne masu cin la'ada, mai motar na gefe. In haka ne su biyun za ka haɗa a takarda, mai motar saboda shi ya ci kuɗin, dillalin saboda daga bakinsa ƙaryar ta fito. Hirarku ta WhatsApp, hoton tallan da aka rubuta 2007, saƙon murya, alat ɗin banki, kar ka goge ko ɗaya kuma kar ka sayar da wayar, dokar shaida ta 2011 a sashe na 84 ta yarda da irin wannan shaidar in an cika sharuɗɗanta.

A wannan satin ka samu wani bakanike daban, ba wanda ya raka ka saye ba, ya sa na'ura ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata ya sa hannu. Ka ciro rahoton tarihin motar. Sannan lauya ya rubuta wa dilan wasiƙa cewa ka fasa cinikin saboda shekarar da aka faɗa maka ba ita ba ce, ga motarsa a ajiye, ya dawo da kuɗi cikin kwana bakwai, a kai masa hannu da hannu ya sa hannu a kwafi. Ka kai kwafi ɗaya wajen shugabannin ƙungiyar dilolin wurin, don wallahi sau da yawa su ke kashe irin wannan wutar kafin a je ko'ina, dila ya fi jin kunyar abokan sana'arsa a kan sammaci. In ya ƙi, ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano da FCCPC, ga zauren sulhu na babbar kotu, ga kotun kanta. In kuma ya zo da tayin zai canza maka giyabos ya mayar maka da bambancin kuɗin 2004 da 2007, kuma takardun kwastan sun fito lafiya, ni dai zan ce ka zauna ku yi lissafi, a rubuta a sa hannu gaban shaidu biyu, kuɗin su shiga asusunka kafin ka tayar da motar daga inda ka ajiye ta.