Asabar da Lahadi sun cinye mana tukunya da aljihu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ba ni shawara don abin ya fara isata wallahi. Ni ma'aikaciya ce, muna zaune a Kubwa da maigida da yara uku. Litinin zuwa Juma'a dama ba a magana, kafin ƙarfe 6 mun fita saboda cunkoso, toh Asabar da Lahadin da nake sa ran in shiga kasuwa in yi miyar sati su ma yanzu ba nawa ba ne. Da safe islamiyya, babban yana da lesin, daga nan biki, in ba biki ba suna, in ba suna ba walimar sauka ko bazday ɗin ɗan ajinsu, wani satin daga Kubwa mu je Lugbe mu dawo Gwarinpa, Lahadi kuma gidan surukai a Suleja. Yara su fara kukan yunwa a mota sai mu tsaya a sayi shawarma ko mitfai da lemo, mu dawo da dare na gaji lis sai indomie ko tsire da burodi. Tumatur da alayyahun da na saya a firij suke ruɓewa. Albashi ba ya kai mu 20 ga wata, maigida na cewa ni ce ban iya tattali ba, autar kuma yanzu ko tuwo ta gani sai ta kau da kai. Ina tsoron in rage fita a ce na yanke zumunci. Ya zan yi?
Maman yara uku, Kubwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Farko dai ki cire wa ranki cewa rashin iya tattali ne, macen da ba ta zauna a gidanta ba na awa uku a jere cikin kwana biyu ta ina za ta ɗora tukunya? Ba a kicin matsalarki take ba, tana wajen amsa gayyata. A Abuja ma'aikaciya Asabar ce ke ciyar da ita har Juma'a, ranar ake cefane, a kai markaɗe, a soya miya, a raba nama a sa a firiza. In Asabar ta tafi a titi ba abincin Asabar kaɗai kika rasa ba, na Talata da Laraba ma kin rasa, shi ya sa kike ganin kuɗi na zirarewa har tsakiyar sati ba ki san ta inda suka bi ba.

Ki samu biro da takarda ku zauna ke da maigida, ba don faɗa ba, ku rubuta abin da sati biyun da suka wuce suka ci. A fara da mai, don tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 litar da ake sha ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kinga zagayen Kubwa zuwa Lugbe zuwa Gwarinpa yanzu ba ƙaramin abu ba ne. Sai anko da kuɗin tela, gudummawa, liƙi, kwalliya, sannan na shawarma da lemon mutum biyar, har da tumatur ɗin da ya ruɓe shi ma a rubuta don kuɗi ne aka zuba a shara. Na san in ya ga jimla da idonsa maganar "ba ki iya tattali ba" za ta sauya, musamman in ya lura rabin gayyatar daga danginsa da abokan aikinsa take.

Maganar zumunci kuma ina jin tsoronki kuma ban raina shi ba, mu Hausawa wanda bai zo naka ba ba ka mantawa. Amma akwai abin da yake hakki akwai wanda mu muka ɗora wa kanmu. Gaisuwar mutuwa, dubiyar mara lafiya, gaida iyaye, waɗannan ba na ce ki taɓa su ba. Biki ɗaya kuwa yanzu sai ki ga kamu, sa lalle, wuni, dina, walima, kai amarya, kowanne da kayansa. Ki zaɓi ɗaya ki je da fuskarki a sake, ki ba da gudummawarki, ki kira uwar biki tun da wuri ki ce ranar wuni za ki zo, ba wanda zai ce kin yanke zumunci don ba ki je dina ba. Kuma ba dole ne duk inda za ki a kwashi yara uku ba, wani taron ke ki je shi ya zauna da su, wani shi ya je.

Abin da nake so ki riƙe da ƙarfi shi ne safiyar Asabar. Maigida ya kai yara islamiyya ya ɗauko su, ke kuma wannan awa huɗun na kasuwa da miya ne, ko wa ya kira ki ce sai bayan azahar. Ga Dei-Dei nan kusa da ku don kayan miya, ga Zuba don kayan marmari, in ku biyu ko uku ne da maƙwabta ku haɗa kuɗi ku ɗauki kwando ku raba ya fi sayen kashi-kashi a bakin layi. In wutar unguwarku ba ta da tabbas kar ki cika firij da ɗanyen ganye, ki koma wa kayan iyayenmu da ba ruwansu da NEPA, kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen zogale, kaudar tumatur, daddawa, wake, busasshen kifi. Miyar kuka minti nawa take ɗauka?

Sannan kar a fita da yunwa, kowa ya ci ya ƙoshi a gida ko ɗumame ne ko faten wake, a jaka kuma ki sa dafaffen ƙwai, gyaɗa, dabino, ayaba da gorar ruwa. Lemon ne ya fi damuna a wasiƙarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin (kalori) da mutum ke samu daga abinci a rana, wajen giram 50 kenan ga babba, robar lemo ɗaya ta 50cl kuma ita kaɗai tana iya kai hakan, ki duba wannan a cikin yarinya ƙarama. Ki yi zoɓo a gida ki rage sukari da hannunki. Auta kuma kar a doke ta kar a yi mata ɗura, a dai daina kawo mata wani abu in ta ƙi tuwon, ta zauna ta ga kowa yana ci, a hankali za ta dawo.

TAMBAYA: Anti, abincin biki da ake ba mu a roba mu kan bar shi a mota har dare mu kawo wa yara, ran nan biyu suka kwana suna gudawa. Daga abincin ne?
Wani magidanci, Nyanya

AMSA: Zai iya zama shi ne malam, Allah ya ba su lafiya. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba firij ba, balle a motar da ta sha rana, kuma shinkafar biki wataƙila tun safe aka dafa ta kafin ma a zuba. Salak mai mayonis da alale da kaza su suka fi saurin juyawa, shinkafa kuma ko an ɗumama ba lallai ta tsira ba in ta daɗe a ɗumi. In ba gida za ku wuce kai tsaye ba ku ci a wajen ko ku ba wani tun da zafinsa. Yaro in ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da zinc, in kuma an ga jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya daina fitsari, a kai shi asibiti a daren kar a jira safiya.